Kiwon Agwagi A Bayan Gida: Rainon 'Ya'ya Da Gane Toro Daga Mace

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai, a garin Illela



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro saboda damar da ya ba ni ta tsayawa gaban malaman da a da ko haɗa ido ba na iya yi da su. Kwamiti ya nemi kowane mai jawabi a bana ya kawo sana'a guda wadda ma'aikaci zai iya yi bayan ya tashi daga ofis, ba tare da ya ci bashi ba. Ni na zaɓi kiwon agwagi. Ina hangen wasu 'yan ajinmu can baya suna murmushi. To ku ba ni ɗan lokaci, in na gama sai ku yanke hukunci.

Dalilina shi ne, Illela garin kan iyaka ne, arzikinmu kuwa a ɗaure yake da na 'yan'uwanmu na Birnin Ƙonni. Ba wanda ya manta da watan Agustan 2019, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe tamu ba sai ranar 16 ga Disamba 2020, tare da ta Seme da Maigatari da Mfum. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli a Nijar, sai a watan Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A waɗannan lokuta kasuwarmu ta ranar Lahadi ta ja baya, ɗan kasuwa ya ji a jikinsa, mai albashi ma ya ji, domin 'yan'uwan da ciniki ya tsaya musu ƙofarsa suka nufa. Abin da na lura da shi shi ne, gidan da ke da ɗan abin kiwo a bayan ɗaki ya fi samun sauƙi, saboda ko ba komai akwai ƙwan da za a soya wa yara, akwai kuma abin da za a kama a sayar ranar da aka kai wani asibiti. Agwagwa tana cikin mafi arhar irin wannan ajiya. Tana da juriya, tana nemo rabin abincinta da kanta, kuma annobar nan da ke share kaji da hunturu, wadda likitoci ke kira Niyukasil, ba ta cika kayar da ita ba.

Amma fa ribar wannan kiwo tana cikin makonni 12 na farko. A cikinsu ne 'ya'yan ke mutuwa ko su rayu, a cikinsu ne kuma mai kiwo ya kamata ya san wane ne toro, wace ce mace, ya yanke shawarar wanda zai ajiye da wanda zai sayar. A kan waɗannan abubuwa biyu jawabina zai tsaya.

Wace Irin Agwagwa Muke Da Ita?

Agwagwar da muka tashi muka gani a lungunanmu, mai jan nama a fuska, ita ce masana ke kira Maskobi. Duk da sunan ya yi kama da na birnin Mosko, ba ta da alaƙa da Rasha. Asalinta ƙasar Meziko ce da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, inda mutanen can suka daɗe suna kiwonta kafin zuwan Turawa. Daga ƙarni na 16 ne jiragen ruwan Turawa suka yaɗa ta zuwa Turai da Afirka da Asiya. A dajin da ta fito bisa itatuwa take kwana, shi ya sa take da farata masu kaifi, shi ya sa kuma za ka ga macen ta tashi ta hau katanga.

Akwai kuma waɗanda muke kira agwagin Turawa, kamar farar nan Fekin, wadda asalinta ƙasar Sin ce, aka kai ta Amurka a 1873, da Kaki Kambel mai ruwan ƙasa, wadda wata mata ta samar a Ingila wajen shekarar 1900, mai iya yin ƙwai har kusan 300 a shekara in ta samu kulawa. Waɗannan jinsinsu daban ne da tamu. Ƙwansu kwana 28 yake yi ya ƙyanƙyashe, na tamu kuwa kwana 35. Idan toron tamu ya yi barbara da macen Fekin za a samu 'ya'ya masu nama, amma ba za su haihu ba, kamar dai alfadari tsakanin jaki da goɗiya. Saboda haka tambayar farko da mai saye zai yi ita ce wace iri ce, domin alamomin gane toro sun bambanta tsakanin jinsin biyu.

Daga Ƙwai Zuwa Mako Huɗu

Macen agwagwa takan fara ƙwai tana da wata 6 zuwa 7, ta tara kamar 10 zuwa 15, sannan ta fizgi gashin ƙirjinta ta shimfiɗa, ta yi kwanci. A nan ake tafka asarar farko. Mutum ya saba da kaza mai ƙyanƙyasa a kwana 21, sai ya ga an wuce wata guda shiru, ya ce bara-gurbi ne, ya kwashe ya zubar, alhali saura kwana 5 kacal. A rubuta ranar da ta fara kwanci a jikin bango, a ƙirga 35. Har ila yau a ajiye mata ruwan wanka kusa da ita. Idan ta yi wanka ta koma da laima a gashinta, wannan laima tana taimaka wa ɗan ya fasa ɓawo, musamman a busasshiyar iska irin ta nan Illela.

Da sun fito, abubuwa huɗu ke kashe su: sanyi, ruwa, mugun abinci da mahauta na sama da na ƙasa.

Game da sanyi, ɗan agwagwa yana bukatar ɗumi na kusan digiri 30 zuwa 32 a makon farko, ana ragewa da kamar digiri 3 kowane mako. In suna tare da uwarsu ita za ta yi wannan aiki. In kuwa sayo su aka yi, sai a sa su a kwali ko kwando, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko ƙaiƙayi busasshe, a ajiye fitilar ƙwai a inda ba za su ture ta ba. Ba sai da ma'aunin zafi ba, su da kansu za su gaya maka. In sun dunƙule wuri guda suna kuka, sanyi suke ji. In sun watse nesa da fitila suna haki, zafi ya yi yawa. Da bazara, lokacin da zafinmu ke haura digiri 40, inuwa da iska suka fi bukata, fitila sai da asuba in an ga hali.

Batun ruwa shi ne zai ba wasunku mamaki, wato ɗan agwagwa yana nutsewa. Agwagwa babba tana da wata 'yar jakar mai a gindin bindinta, daga nan take ɗibar mai da baki ta shafe gashinta, ruwa ya riƙa zamewa. Jariri bai fara samar da isasshen mai ba, abin da yake samu daga jikin uwarsa yake gogowa. Wanda aka raba da uwa, in ya faɗa bokiti ko kwatami, gashinsa zai jiƙe sharkaf, ko dai ya nutse, ko kuma sanyi ya kashe shi bayan an tsamo shi. Don haka a makonni 4 na farko a ba su ruwa a kasko marar zurfi, wanda zai isa su tsoma baki har hanci su wanke, a zuba duwatsu a ciki don kada su shige gaba ɗaya. Kada kuma a ba su abinci babu ruwa a kusa, domin da ruwa suke haɗiyewa, busasshen gari yana iya shaƙe su.

Abinci kuwa, wanda ya samu hali ya sayi abincin 'yan tsaki na buhu, wanda ake kira sitata, ya ɗan jiƙa shi. Wanda bai samu ba ya haɗa tsakin gero ko na masara da dusa mai laushi, da dakakken ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, da garin ƙananan kifi, da yankakken ganyen zogale ko alayyafo. Gara ma abinci ce mai kyau ƙwarai. Ɗan agwagwa ya fi ɗan tsako bukatar wani sinadari mai suna nayasin, wanda rashinsa ke sa ƙafafu su lanƙwashe har ya kasa tafiya. Masara zalla ba ta wadatar da shi, gyaɗa da kifi da yis ɗin burodi su ke cike giɓin.

Sai dai a nan akwai gargaɗi babba. A shekarar 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, 'ya'yan agwagi ma suka mutu da yawa. Da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka shigo da ita daga Birazil, wadda fumfuna ta kama. Daga wannan bincike ne aka gano gubar da ake kira afalatoksin, aka kuma gano cewa ɗan agwagwa yana cikin halittun da ta fi saurin kashewa, har masana suka riƙa gwada ƙarfin gubar a kansa. To mu a nan mun saba, hatsin da ya yi fumfuna ko gyaɗar da ta lalace sai a ce a watsa wa kaji da agwagi. Wannan ɗabi'a ita ke cinye 'ya'yan agwagwa ɗaya bayan ɗaya, mai gida yana cewa baki ne ya kama su. Duk abin da ya canza launi ko yake warin ruɓa a binne shi. Jiƙaƙƙen abinci kuma kada ya kwana a kasko.

Mahautan kuwa kun san su: shirwa da hankaka da rana, gafiya da muzuru da maciji da dare. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa. Uwar agwagwa takan ja 'ya'yanta yawo mai nisa, wanda ya gaji a bar shi a baya. A tsare ta da su a akurki mai rufi na wata guda, bayan nan a sake su.

Gane Toro Daga Mace

Bari in fara da abin da ke faruwa a kasuwa. Mutum ya je sayen 'ya'yan agwagwa 6 don ya fara kiwo. Aka buɗe masa kwando, sai ya bi ya tsince manya-manyan, masu kaurin ƙafa, yana ganin su ne lafiyayyu. Ya yi wata 6 yana ba su dusa yana jiran ƙwai, daga baya ya tarar 5 daga ciki toraye ne. Ba wanda ya cuce shi, shi ya zaɓa da hannunsa, domin a jinsin agwagwarmu girma shi ne alamar namiji. Wannan shi ne cinikin biri a sama, maganinsa kuwa sanin alamomi ne bisa ga shekarun tsuntsun.

Kafin in lissafa su, a ajiye maganar nan ta cewa dogon ƙwai toro ne, kewayayye mace ce. Siffar ƙwai daga jikin uwar da ta yi shi take, uwa guda takan yi ƙwai masu kama da juna, a samu maza da mata a ciki. Launin gashi ma ba ya nuna komai a jinsin tamu, akwai farin toro, akwai baƙar mace, akwai masu roɗi-roɗi ta kowane ɓangare.

Alama ta farko, wadda ake iya dubawa tun ranar ƙyanƙyasa, ita ce ta dubura. Namijin agwagwa yana da gaba wadda ke naɗe a ciki, abin da zakara ba shi da irinsa, shi ya sa wannan dubawa ta fi sauƙi a agwagi. Ana riƙe ɗan a juye, kansa ƙasa, a wuri mai haske, a tanƙwara bindin baya a hankali, sannan a sa manyan yatsu biyu a gefen duburar a ɗan buɗa. In namiji ne wani ɗan abu fari-fari kamar guntun zare zai leƙo. In mace ce ba abin da zai fito. Wannan ita ce hanya mafi tabbas, amma tana son hannu mai taushi, domin matsi kaɗan ya wuce kima sai a yi wa ɗan lahani. Kada kowa ya gwada daga jin bayanina kawai. A je wurin likitan dabbobi ko malamin gona ko tsohon mai kiwo ya nuna sau biyu sau uku, gani ya kori ji.

Alama ta biyu tana bayyana daga mako 3 zuwa 6, ita ce girman jiki. Toro yakan fara zarce 'yan'uwansa mata, tafin ƙafarsa ya yi faɗi, ƙwaurinsa ya yi kauri, jikinsa ya yi tsawo, bakinsa ya fi faɗi, tafiyarsa kuma da nauyi yana rangaji. Mace takan kasance 'yar dunƙulalliya mai sirantar ƙafa da saurin motsi. Ni ƙafar na fi dubawa, domin ita ke fara tona asiri. Sharaɗi guda shi ne a gwada 'yan ƙyanƙyasa ɗaya. In dillali ya gauraya na mako 3 da na mako 5 a kwando guda, girma ba zai gaya maka gaskiya ba, sai ka tambaya ko 'yan uwa ɗaya ne.

Alama ta uku, daga mako 6 zuwa 10, ita ce gashi. Mace ta fi saurin rufe jiki da gashin manya, fukafukanta su ke fara cika. Toro yakan daɗe da gashin jarirai a baya da kafaɗa, ga shi ƙato amma kamar bai gama sa riga ba. Mace ce kuma ke fara gwada tashi sama.

Alama ta huɗu, daga wata 3 zuwa sama, ko yaro ya gane ta. Jan naman fuska yakan fara fito wa toro, ya yi kauri da ƙuraje-ƙuraje har bayan ido, na mace kuwa kaɗan ne kuma sumul. Toro ba ya kuka, sai huci yana kaɗa bindi yana miƙa wuya gaba da baya, zankonsa a tashe. Mace tana da 'yar siririyar murya mai taushi. In sun gama girma toro yakan kusa ninka mace a nauyi.

Ga agwagin Turawa lissafin ya sauya, domin namiji da mace ba su da tazara sosai a girma. A nan kunne ke aiki. Daga mako 6 zuwa 8, ka ɗauki ɗaya ka ɗan raba shi da sauran. In ya ɓarke da kuka mai ƙarfi, kwak-kwak, mace ce. In murya ta fito a dushe kamar ta mai mura, namiji ne. Wajen wata 4 kuma namiji yakan fitar da gashi biyu ko uku masu lanƙwasa a saman bindi. Toron agwagwarmu ba ya yin wannan gashi ko ya shekara nawa, don haka kada a tsaya jiransa.

Amfanin Wannan Sani

Toro guda ya ishi mata 5. Abin da ya haura haka ɓarna ce, domin toraye sun fi ci, suna faɗa da juna har jini, suna damun mata da barbara har su tsige musu gashin ƙeya, wani lokaci ma su tattake jarirai. A ƙyanƙyasar 'ya'ya 12, in aka yi ta maimaitawa, za a ga kusan rabi maza ne. Wanda ya gane su tun suna mako 5 sai ya ware mazan, ya ba su abinci sosai, ya sayar suna wata 3 zuwa 4, ya fi kyau in ya dace da Sallah ko Kirsimeti lokacin da tsuntsaye ke daraja. Bayan wannan lokaci girmansu yana raguwa, cinsu kuwa ba ya raguwa. A Faransa, inda ake kiwon wannan jinsi da yawa don nama, tun ranar ƙyanƙyasa ake raba maza da mata, a yanka mata a wajen mako 10, maza a wajen mako 12. Abin da suke yi da manyan gidajen gona shi za mu yi da akurki biyu.

Matan da za a ajiye, in gashin fiffikensu ya gama ƙosawa, a datse dogayen gashin fiffike guda da almakashi, don kada su tsallaka gidan maƙwabci a samu abin faɗa. Toron da za a bari kuma kada ya zama ɗan'uwansu. A yi musaya da wani mai kiwo duk shekara ko shekara biyu, domin barbarar dangi tana rage ƙyanƙyasa, tana kawo raunanan 'ya'ya.

Kalma Guda Kan Cuta

Da yawa daga cikinmu muna cikin wannan makaranta a watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna. Kafin watan ya ƙare aka tabbatar da ita a Magariya ta Jihar Damagaram a Nijar, a jikin agwagin gida. Ta sake ɓullowa a Kano da Legas a farkon 2015. Agwagwa tana iya ɗaukar wannan cuta, da ma Niyukasil, tana yawonta lafiya lau, ta shafa wa kaji. Mu da tsuntsaye ke ratsa kasuwarmu daga ƙasashe biyu, wajibi ne mu kiyaye. Duk tsuntsun da aka sayo a keɓe shi mako 2 kafin a haɗa da na gida. A raba makwancin agwagi da na kaji. Masu zama kusa da tafkin Kalmalo da fadamu su hana nasu cuɗanya da agwagin daji. In kuma aka ga mutuwa ta yi yawa farat ɗaya, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa, a sanar da ofishin likitan dabbobi nan take. Rigakafi ya fi magani.

Daga ƙarshe, ya shugaban taro, ina da shawara guda ga wannan ƙungiya. A yawancin gidajenmu iyayenmu mata da matanmu da ƙannenmu su ne masu kiwon nan, saboda haka duk wanda ya ji wannan bayani ya kai shi gida. Sannan ina roƙon mu haɗa kuɗi mu gina ɗan akurki a gonar makaranta, mu sa toro guda da mata 5, a danƙa su ga malamin aikin gona da ɗalibansa. Yaron da ya ƙirga kwana 35 da kansa, ya auna 'ya'yan duk mako ya rubuta a littafi, ya ga yadda layin maza ke rabuwa da na mata, ya koyi kimiyya da lissafi da sana'a a lokaci guda. Ni na ɗauki nauyin toron da mace biyu, saura uku na bar wa 'yan ajinmu da suka yi murmushi ɗazu.